Eriya a kan gilashin sola: dabara ce ko ɓarnar wuta?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen masu aikin sola da kuma su Baba Injiniya. Lokacin zaɓen abin da zan yi bincike a kai na digiri na biyu ya yi, kuma abin da ya tsaya min a rai kusan wata biyu kenan shi ne ƙananan taurarin ɗan'adam ɗin nan da ake ce wa CubeSat. Ga wanda bai san su ba, ɗan akwati ne santimita 10 ta kowane ɓangare, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai, a tafin hannu za ka ɗauke shi. Wasu malamai biyu ne a Kalifoniya, Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, suka fito da tsarin a 1999 don ɗalibai su samu abin da za su iya haɗawa da hannunsu, aka fara harba su a 2003. To damuwar ita ce fuska shida kacal gare shi kuma kowa fuskar nan yake so, sola na so, eriya na so, kyamara ma na so. Shi ne wasu masu bincike suka ce me zai hana a yi eriya shara-shara wadda haske ke ratsawa, a ɗora ta a kan gilashin sola ɗin kai tsaye, fuska ɗaya ta yi caji kuma ta yi magana da ƙasa. Ni dai abin ya shiga raina sosai amma ina so in ji inda zai ba ni matsala tun kafin in kai wa malamina.

Mai Sola Kwangila:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ni ban san harkar sama ba amma sola kam shekara goma sha ɗaya ina hawa rufin mutane a kanta, kuma abu na farko da nake gaya wa yarana shi ne kada komai ya hau kan fanel, komai ƙanƙantarsa. Akwai wani gida a Hanwa da na sa musu fanel shida, maigidan kullum yana kirana wai da la'asar batir ba ya cika, na canza waya na duba inbata na duba komai lafiya lau, sai ran nan na zauna a tsakar gidan tun azahar ina kallon rufin, ashe sandar eriyar talabijin ɗinsu ce, gora ɗaya siririya, inuwarta ke ratsa fanel biyu in rana ta karkata. Muka cire gorar muka kai ta bayan gida shike nan magana ta ƙare. To kai yanzu eriyar ce ma gaba ɗaya za ka kwantar a kai. Taura biyu ba ta taunuwa fa.

Ɗalibin Samaru:
Yaya maganarka gaskiya ce, kuma dalilin da ya sa gora ɗaya ta yi wannan ɓarnar shi ne ƙwayoyin fanel a jere ake ɗaure su kamar tasbaha, in ɗaya ta shiga inuwa sai ta riƙe sauran. A sama ma haka yake, har ya fi tsanani don wutar ba ta da yawa. Bari in ba ka lissafi, a wajen iskar duniya rana na ba da wat 1361 a kan murabba'in mita ɗaya, fuskar akwatin nan kashi ɗaya cikin ɗari ne na wannan, kenan wat 13 da ɗoriya ke sauka a kanta, ƙwayoyin da ake sa wa taurari masu kyau ne suna juya kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma ba duk fuskar suke rufewa ba, yawanci guda biyu ne a fuska, sai ka tashi da wat biyu da ɗan abu. Ko cajar waya ta fi haka. Sannan a kowane zagaye na kusan minti 90 yakan yi wajen rabin awa a inuwar duniya yana cin batir. To ka ga shi ya sa ba a son yanke ma sola waje a ba eriya.

Mai Sola Kwangila:
Wat biyu?? Ikon Allah. To ai ka ƙara ƙarfafa maganata ne, wanda ke da wat biyu ina ya ga na kyauta.

Malamar Kimiyya:
Salamu alaikum. Mai Sola bari in shigo a nan don akwai abin da ya bambanta gorar Hanwa da abin da yaron nan ke nufi. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙofar na'urar ɗumama abinci ta zamani ya ga wata baƙar raga mai ƙananan huji a jikin gilashin, kana hango kwanon yana juyawa a ciki amma igiyar da ke dafa abincin ba ta fitowa ta same ka. Sirrin a tsawon zango yake, irin wanda muke ji a rediyo ana cewa gajeren zango mita kaza. Igiyar cikin na'urar nan zangonta kusan santimita 12 ne, shi kuwa haske zangonsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Kamar rariya ce, gari ya wuce tsaki ya tsaya. A wajen haske hujin nan ƙofar gari ce, a wajen igiyar rediyo kuwa ragar nan farantin ƙarfe ce sumul babu huji ko ɗaya. To in aka zana eriya da siraran layukan ƙarfe kamar gidan sauro maimakon faranti cikakke, rediyo zai yi aiki da ita a matsayin faranti, haske kuma ya bi ta tsakani ya isa ga sola. Ina koya wa 'yan aji biyar wannan duk shekara amma wallahi ban taɓa kawo shi a kan tauraro ba sai yau.

Baba Injiniya:
Malama ta yi bayani mai kyau. Ku yaran yanzu ba ku riski manyan dish ɗin nan na raga ba da ake girkewa a gidajen GRA, wani faɗinsa ya fi ɗaki, kana ganin sama ta cikinsa tsuntsaye na sauka a kai amma yana kamo tasha daga ƙasashen Larabawa garau. Ilimin ɗaya ne. Har gilashin bayan wasu motoci akwai eriyar rediyo a zane a jiki. Don haka yiwuwa kam zai yiwu. Amma ɗana ina da tambaya kafin mu je can, me ya samu eriyar da ake amfani da ita yanzu da har ake neman wata?

Ɗalibin Samaru:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wadda aka saba da ita za ta ba ka mamaki, tef ɗin awo ne na ƙarfe irin na kafintoci, ake yanka shi daidai tsawon da ake so, kamar santimita 17 in a kan megahaz 437 za a yi magana ko kusan rabin mita in a kan 145 ne. Sai a naɗe shi a jikin akwatin a ɗaure da zaren roba irin na masu kamun kifi, don dole komai ya kasance a lafe a cikin bututun da zai tura shi waje. In an sake shi a sama ƙa'ida sai ya jira minti 30, sannan kwamfutar ciki ta tura wuta ga wata 'yar waya ta yi zafi ta ƙona zaren, tef ɗin ya miƙe fat. Baba in zaren nan bai tsinke ba shike nan, tauraron na nan da ransa yana zagaya duniya yana caji yana kira amma babu mai jin sa, kuma babu wanda zai hau ya taɓa shi. Shekara biyu ko uku na wahalar ɗalibai a rataye a zare ɗaya. Wannan ne ya fi taɓa ni. Eriyar da aka buga a jikin gilashi ba ta da abin da zai buɗe balle ya ƙi buɗewa.

Abu na biyu kuma sauri. Irin waccan eriyar yawanci bit 9600 ake turawa a sakan, wato bait 1200, kuma in tauraro ya bi ta saman Zariya bai fi minti goma za ka gan shi ba ya faɗa bayan gari. A minti goman nan ko megabait ɗaya ba za ka sauke ba. Hoto ɗaya na wayarka mai megabait 3 sai ya zagayo aƙalla sau biyar. In kana son hoto na gaske sai ka hau sama zuwa gigahaz 2 da wani abu ko 8, a can kuma eriya mai faranti ake amfani da ita, ita ce ke cin fuska.

Baban Ummi:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ni ba raina ilimi nake ba Allah ya sani, amma yau kwana uku unguwarmu a Tudun Wada ba mu ga wuta ba, matata ƙanƙara take sayarwa jarin ya narke, yaro mai ƙwaƙwalwa irin wannan ina laifin ya zauna ya nemo mana yadda batir zai daɗe ko fanel zai jure ƙurar hunturu. Tauraro kuma sai ka ce mun gama da ƙasa.

Malamar Kimiyya:
Baban Ummi Allah ya mayar da alheri, abin da ciwo. Amma ka san sola ɗin da muke rububi yanzu, farkon inda ta samu aikin yi na sosai a jikin tauraro ne, Vanguard 1 na Amurka a 1958, lokacin tsadarta ta fi ƙarfin rufin gida. Daga can ta sauko mana. Kuma yaron da ya iya lissafin wat biyu har ya hana ɗigo zuba, in ya dawo kan fanel ɗin gidanka ba ƙaramin amfani zai yi maka ba.

Baba Injiniya:
Ƙari a kan haka Baban Ummi, ƙasar nan ta riga ta zuba kuɗi a sama ko mun so ko mun ƙi. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, aka harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003. Tauraron sadarwa NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 an yi shi ne don ya yi shekara 15, amma a Nuwamban 2008 ya mutu, kuma ta ɓangaren sola ɗinsa matsalar ta fito, wuta ta yanke masa, sai a ƙarshen 2011 aka harba madadinsa. Ina cikin aikin sadarwa a lokacin, na san yadda jikinmu ya yi sanyi. Tun daga ranar na san cewa wutar tauraro ita ce ransa, kuma gara a ce muna da yaranmu da suka san ta ciki da bai.

Ɗalibin Samaru:
Kuma irin ƙaramin nan ma an yi a Najeriya. Jami'ar fasaha ta Akure tare da NASRDA da wata jami'a a Kyushu ta Japan sun haɗa Nigeria EduSat-1, aka ɗaga shi a Yunin 2017 zuwa tashar sama ta ƙasa da ƙasa, a Yuli aka sake shi tare da na Ghana da Mongoliya da Bangaladash da Japan. In Akure ta yi me zai hana Zariya, ga jami'a ga kwalejin jiragen sama ga foli duk a gari ɗaya. Kuma Baban Ummi amfaninsa a gona yake, wani kamfani Planet yana da irin waɗannan masu tsawon akwati uku da yawa a sama suna ɗaukar hoton ƙasa kullum, a Fabrairun 2017 roka ɗaya ta Indiya ta ɗaga musu 88 a tashi ɗaya. Ka ɗauka masu binciken noma na Samaru suna samun hoton gonakin masara daga Giwa zuwa Soba duk mako, su ga inda ya fara yin rawaya tun kafin manomi ya lura. Hoton nan ta eriya zai sauko.

Baban Ummi:
To na ji. Allah ya taimaka. Ni dai a riƙa tunawa da mu na ƙasa.

Mai Gyaran Waya PZ:
Oga ni tun ɗazu nake karantawa ina son in tambaya. Tac ɗin waya ai akwai wani abu a jikin gilashin da ke ɗaukar wuta kuma ba a ganinsa kwata-kwata, shi ne ke jin yatsa. Me ya sa ba za a yi eriyar da shi ba kawai a huta da raga? Ina da matattun sikirin cike da kwali a shago in kana so.

Ɗalibin Samaru:
Ka taɓo wajen. Sunansa ITO, haɗin ƙarfen indiyom ne da kuza da oksijin, kuma an gwada shi sosai, har ma dama akan shafa shi siriri a gilashin sola na wasu taurari don kada caji ya taru a jiki. Matsalarsa wuta ba ta gudu a cikinsa kamar jan ƙarfe ko azurfa, nesa ba kusa ba. Jin yatsa ba ya buƙatar wani ƙarfi, amma eriya in ƙarfen na da taurin kai sai rabin abin da ka tura ya zama zafi a jikinta maimakon ya tafi ƙasa. In ka ƙara masa kauri don wuta ta gudu sai ya fara dishi-dishi ya tare haske. Ga shi da saurin tsagewa, kai ka fi ni sani. Shi ya sa a wajen gigahaz 2 raga ta fi shi. Wata farfesa a jami'ar jihar Yuta a Amurka, Reyhan Baktur, ita da ɗalibanta sun daɗe a kan wannan, sun yi eriyar raga a kan gilashin sola da haske ke wucewa sama da kashi 90 cikin ɗari. Amma ka ajiye min sikirin ɗin don Allah, ko don in auna in gani da idona.

Mai Sola Kwangila:
Kashi 90 ɗin nan fa shi nake so a warware min. Kashi 10 na wat biyu ba wasa ba ne.

Ɗalibin Samaru:
Yaya ga yadda yake. A ce kaurin layi kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma duk bayan milimita 2 a ja wani, tsaye da kwance. Kowane ɗan gida abin da ya rage a buɗe 1.9 sau 1.9 ne cikin 2 sau 2, kashi 90 kenan. In ka buɗa tazarar zuwa milimita 3 ya zama 93. Amma ka lura ba duk fuskar eriyar ke rufewa ba, a gigahaz 2.4 in a kan gilashi take faɗinta santimita 3 zuwa 4 ne kawai, kamar kwalin ashana. Ƙwayar sola ɗaya kusan murabba'in santimita 30 ce, eriyar ta hau kan kamar 12 daga ciki. In faranti ne cikakke ka kashe kashi 40 na ƙwayar kuma ta ja 'yar uwarta ƙasa kamar gorarka ta Hanwa. In raga ce mai kashi 90, abin da ka rasa kashi 10 ne na 12 ɗin nan, wajen kashi 4 na ƙwayar. Tsakanin 40 da 4 ai akwai tafiya.

Mai Sola Kwangila:
Yanzu na fara gane ka. Wato inuwar ba a waje ɗaya ta taru ba, an barbaza ta ne kamar ƙurar kwana ɗaya. Wannan fanel na iya jurewa.

Baba Injiniya:
Lissafin ya yi, amma ɗana ba a nan gizo ke saƙar ba. Abu uku zan ɗora maka, ka riƙe su don wanda zai yi maka tambayoyi ranar kare aikinka zai ɗora maka su. Eriya mai faranti tana son tazara tsakaninta da ƙarfen da ke ƙarƙashinta, shi kuwa gilashin da ake rufe ƙwayar sola ta sama da shi bai fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, aikinsa kare ta daga tartsatsin sama ne kawai. Kai kuma milimita ɗaya ko biyu kake nema, kenan ƙarin gilashi, ƙarin nauyi, kuma shi kansa gilashin zai ci nasa hasken wanda ba ka sa a lissafi ba. Sannan abin da ke ƙarƙashin eriyarka ba jan ƙarfe ba ne, ƙwayar sola ce, za ta sha wani abu daga siginar, kuma halinta a rana daban a inuwa daban. Waɗannan biyun ana iya ciniki da su. Na ukun ne ya fi damuna. Fanel rana yake kallo, eriya ƙasa take kallo. Rana na sama Zariya na ƙasa. In ka manne su a fuska ɗaya wa zai bi wani?

Malamar Kimiyya:
Kai Baba wannan tambaya ta yi nauyi. Ni ma ban kawo ta ba.

Ɗalibin Samaru:
Wallahi Baba ita ce ta hana ni barci makon jiya. Abin da na samu zuwa yanzu ga shi, ku gyara min in na kauce. Shi ɗan ƙaramin mai akwati ɗaya sau da yawa ba shi da na'urar da za ta tsayar da shi ya kalli waje ɗaya, wulwulawa yake a hankali, shi ya sa ake manna masa sola a kusan duk fuskokin, to duk fuskar da ta juyo ƙasa dama akwai sola a kanta, in akwai eriya a fuska biyu ko uku ko yaushe ɗaya na kallonmu. Wanda kuma ke iya juya kansa, maganar da ƙasa minti goma ce sau 'yan kaɗan a wuni, ya juyo ya sauke kayansa ya koma ya kalli rana, in ma da dare ya biyo babu ranar da zai rasa. Sannan ba duk eriya ke kallon ƙasa ba, ta GPS sama take kallo don su taurarin GPS suna can wajen kilomita 20,200, shi kuma namu yana 400 zuwa 600, to ita kam fuskarta ɗaya da sola.

Amma gaskiya akwai waɗanda suka bi ta hanyar da Baba ke nunawa. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani mai akwati uku a ƙarshen 2017 sunansa ISARA, shi fiffikensa gaba sola ne baya kuma eriya, rana ta bugi sama ƙasa ta ji ta ƙasa, babu wanda ya tare wani, kuma an tsara shi ne ya sauke har megabit 100 a sakan. Sai dai shi dole fiffiken ya buɗe, mun koma maganar abin da ke iya maƙalewa kenan. Akwai kuma masu yanka siririn tsagi a ƙarfen da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ya zama eriya, wannan ko inuwa babu, amma sai inda tazarar ƙwayoyin ta ba ka dama.

Baba Injiniya:
Madalla. To kada ka rubuta cewa taka ta fi kowace, ba ta fi ba. Ka rubuta a wane hali ne ta fi, wato ƙaramin da ba shi da fiffike, ba shi da fuskar da zai bayar, kuma mai shi ba ya son ya dogara da zare. Ka tsaya a nan ka auna nawa aka biya na wuta nawa aka biya na sigina. Wani abu kuma, in da azurfa za ka ja layukan ka sani a tsayin nan akwai iskar oksijin ɗaiɗaiku da ke cin azurfa kamar gara, sai an rufe ta, ga zafi da sanyi da ke musaya sau goma sha biyar ko sha shida kullum, ƙarfe na miƙewa gilashi na miƙewa ba daidai ba. Layin da ya fi gashi kaɗan in ya tsinke a tsakiya fa?

Ɗalibin Samaru:
Na rubuta duka Baba. Na tsinkewar ina ganin raga na da sauƙi ɗaya, in layi ɗaya ya yanke wuta na da wasu hanyoyin, amma sai na gwada kafin in faɗa da ƙarfi.

Mai Sola Kwangila:
Jama'a na kasa haƙuri, yanzu na fita bayan shago da ƙaramin fanel na wat 20 da mita, rana tsaka, na auna sannan na ɗora ragowar ragar taga ta ƙarfe da ta rage min daga wani aiki. Wutar ta sauka sosai, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Na ɗaga na mayar sau uku haka take yi.

Malamar Kimiyya:
Gani ya kori ji. Amma ɗaga ragar ka kalli sama ta cikinta Mai Sola, don sauro aka saƙa ta, wayar na da kauri hujin ƙanana, kusan kashi ɗaya cikin uku nata dama ƙarfe ne, kuma kai duk fanel ɗin ka rufe. Abin da ka gani ya nuna lissafin yaron na tafiya daidai ne, gwargwadon ƙarfen gwargwadon asarar. Igiyar santimita 12 ba ta buƙatar huji ƙanana haka.

Mai Sola Kwangila:
Haka ne kuwa, na duba. To ƙanena ina za ka samu mai ja maka layin da ya fi wannan siranta a garin nan?

Mai Gyaran Waya PZ:
Akwai wani ruwan azurfa da muke gyara layin da ya yanke da shi, yana bushewa ya ɗauki wuta. Kuma masu buga riguna a Sabon Gari da raga suke bugawa, in aka ba su zanen a kan fim za su iya fitar da siririn layi, ban ce kashi ɗaya cikin goma ba amma uku cikin goma ina ganin za a samu. Akwai wanda na sani hannunsa na da kyau.

Ɗalibin Samaru:
Uku cikin goma ma ya ishe ni somawa, in na ba shi tazarar milimita 5 haske kashi 88 zai wuce. Abin auna eriya kuma akwai ƙarami mai sauƙin kuɗi da ake ce wa NanoVNA, wani abokina na da wanda ke kaiwa gigahaz 3. Abin da nake so in yi, gilashi uku girmansu ɗaya, ɗaya faranti cikakke ɗaya raga mai yawa ɗaya raga mai faɗi, kowanne in auna shi a kan fanel a rana in ga wutar da ya ci, in auna siginar a rana in kuma rufe da bargo in sake aunawa saboda maganar Baba ta biyu.

Baba Injiniya:
Ka ƙara na huɗu, gilashi zalla babu komai a kai, in ba haka ba ba za ka san abin da gilashin ya ci da abin da ragar ta ci ba. Kuma ku yi kafin hazo ya sauko, in hunturu ya kama hasken minti biyar ma ba ya tsayawa daidai.

Mai Sola Kwangila:
Ku zo shagona ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya, rufin sama a buɗe yake babu bishiya kusa, fanel da mita nawa ne. Gilashin ma akwai mai yanka a layinmu, ka turo min awon yau in sa a yanka. Baba in za ka samu zuwa in turo yaro ya ɗauko ka.

Baba Injiniya:
Zan zo in sha Allah, amma da azahar zan wuce ina da ɗaurin aure a Tudun Jukun. Ɗana ka zo da littafi da biro, kada ka ce a waya za ka rubuta.

Malamar Kimiyya:
In babu damuwa zan taho da ɗalibaina mata biyu, suna son harkar nan sosai. Mai Gyaran Waya kar ka manta da ruwan azurfar da sikirin ɗin.

Ɗalibin Samaru:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Yaya awon shi ne santimita 10 da 10, guda huɗu, mafi sirantar da yake da shi, in akwai mai milimita 2 shi nake so.